Tarin Fuka da Kuturta a Tarihin New Bell, Duwala

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda za ta dubi tarihin cututtuka biyu, wato tarin fuka da kuturta, a unguwar New Bell ta birnin Duwala a ƙasar Kamaru, inda Hausawa suka daɗe da zama. Manufarta ita ce nuna cewa samun magani kaɗai bai taɓa kashe cuta ba, sai an gane ta da wuri, an kuma sha maganin har ƙarshe.

2.0 Kafuwar Unguwa

Da sunan kiwon lafiya aka kafa New Bell. A shekarar 1913 Jamusawa suka fara ƙwace filayen ƙabilar Duwala na bakin kogin Wuri, bisa hujjar kare Turawa daga zazzaɓin cizon sauro. Sun bar fili mai faɗin kilomita ɗaya tsakanin unguwar Turawa da sabon matsugunin baƙar fata. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya yi adawa da wannan shiri, aka rataye shi ranar 8 ga Agusta, 1914. Yawancin 'yan ƙasa sun ƙi tarewa a can, saboda haka a zamanin Faransawa wurin ya zama zangon baƙi: Bamileke da Basa da Hausawa fatake. Gidaje suka cunkushe cikin fadama, ga ƙarancin iska. Irin wannan muhalli kuwa shi ne gonar tarin fuka.

3.0 Kuturta da Matsalar Ganewa

Ƙwayoyin cututtukan biyu dangin juna ne. Hansen ya gano ta kuturta a 1873, Koch kuma ya gano ta tarin fuka a 1882, kuma da irin rini guda ake ganin su a madubin likita. A shekarun 1950 aka buɗe zangon kutare na Dibamba a gabashin Duwala, lokacin da dapsone ne kaɗai abin dogaro. Da aka daɗe ana shan sa shi kaɗai, sai ƙwayar cutar ta fara bijire masa. Wannan ya sa a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa shi da rifampicin da clofazimine. A shekarar 2000 Kamaru ta cimma mizanin hukumar, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000.

Sai dai raguwar cuta ta zo da tata matsala. Kuturta da ido da hannu ake fara gane ta: tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, da jijiya mai kauri. Ma'aikacin da bai saba ganin ta ba yana iya ɗaukar ta ƙyasfi ko makero, ya sallami mai ita da man shafawa. Haka nan yana iya laƙaba wa mai albaras sunan kuturu, alhali Bahaushe ya san nauyin wannan suna wajen aure da ciniki. Kuskuren farko yana cin yatsu, na biyu yana cin mutunci.

4.0 Tarin Fuka Mai Bijire wa Magani

Maganin tarin fuka wata shida ake sha, da ƙwayoyi iri huɗu a farko. Bayan 'yan makonni tari kan lafa, sai majiyyaci ya ɗauka ya warke. Ga ɗan kasuwa mai zirga-zirga tsakanin Duwala da arewa, katse magani abu ne mai sauƙi. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma idan suka daina jin isoniazid da rifampicin, an shiga wani hali. Wanda ya ɗauka daga wurinsa, mai taurin ce zai ɗauka tun farko.

Kurkukun New Bell ya nuna girman haɗarin. Wani bincike da aka buga a 2006 ya gano cewa kashi 3.5 cikin ɗari na fursunonin da aka duba suna da tarin fuka, ninkin-ba-ninkin abin da ke cikin gari. Fursuna kuwa wata rana zai koma unguwa.

Madubin likita yana nuna ƙwayar cuta a cikin kaki, amma ba ya nuna ko tana jin magani. Sai a 2010 aka amince da na'urar GeneXpert, mai bayyana bijirewa ga rifampicin cikin sa'o'i biyu.

5.0 Inda Tarihin Biyu Ya Haɗu

Da kutare suka ragu, Dibamba ta zama ɗaya daga cikin wuraren jinyar masu tarin da ya bijire. Tsohon maganin kuturta, clofazimine, shi ma ya sami sabon aiki. A da, jinyar irin wannan tari takan kai shekara biyu. Daga 2008 zuwa 2011 likitocin Kamaru suka gwada tsarin wata 12 a kan mutum 150, kusan kashi 89 cikin ɗari suka warke. Daga 2013 ƙasashen Afirka tara, ciki har da Kamaru da Nijar, suka gwada na wata tara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da gajeren tsari a 2016. Allurar da ke cikinsa tana kurmantar da wasu, don haka aka koma ga ƙwayoyin sha zalla, har a 2022 aka amince da na wata shida.

6.0 Kammalawa

Jamusawa sun nemi lafiya ta hanyar nisanta mutane, zangon kutare ma haka. Abin da ya yi aiki daga baya shi ne gwaji na ƙwarai da haɗa magunguna da bibiyar majiyyaci. Ga mazaunin New Bell a yau, tarin da ya wuce mako biyu, ko tabon da ba ya jin taɓawa, dalili ne na zuwa asibiti tun kafin icce ya bushe, domin da ɗanyensa ake tanƙwara shi.