Nanaye ko Afrobeats: A wane layi "Jarumar Mata" take?

Kwanan baya muna zaune a majalisa aka kunna "Jarumar Mata" ta Hamisu Breaker, sai wani abokina ya ce ai wannan ba nanaye ba ce, Afrobeats ce da Hausa. Nan fa musu ya kaure, har aka kira sallar isha'i ba mu gama ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in warware sunayen nan.

Mu fara da nanaye. Kalmar ta fito ne daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali, irin na gaɗa, inda ɗaya ke bayarwa sauran suna amsawa da tafi. Da finafinan Hausa suka fara saka rawa da waƙa irin ta Indiya a shekarun 1990, sai sunan ya bi waƙoƙin fim. Fim ɗin "Sangaya" na 1999, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka fito a ciki, na daga cikin waɗanda suka kafa salon. Alamominta sanannu ne: kiɗan fiyano na situdiyo a madadin kalangu ko kukuma, namiji da mace suna musayar baiti, jigon kuma soyayya. Daga baya aka ƙara gyaran murya da kwamfuta. A wannan gidan su Nazifi Asnanic, Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef suka yi suna.

Afrobeats kuwa, mai "s" a ƙarshe, kiɗan Legas da Accra ne na su Wizkid, Davido da Burna Boy. Kada a rikita shi da Afrobeat na marigayi Fela Kuti, wannan tsohon kiɗa ne na makaɗa da mabusa cike da dandamali. Sai hip-hop na Hausa, su ClassiQ, Morell da DJ AB, wanda ba ya cikin wannan rigimar.

To ina "Jarumar Mata" ta faɗa? Hamisu ɗan Ɗorayi ne a Kano, waƙar kuma ta tashi a 2020, lokacin kullen korona da kowa ke gida riƙe da waya. Matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna taka wa mazajensu rawa da ita, wasu na yabo, wasu na cewa an fito da sirrin ɗaki waje. Bidiyon waƙar ma ya ƙara fito da Momee Gombe.

Hujjar abokina ita ce ba fim ne ya ɗaga waƙar ba, soshiyal midiya ce, kuma muryar Hamisu ce ke jan ta, ba wannan musayar ta saurayi da budurwa da muka saba ba. Ya ƙara da cewa har waɗanda ba sa jin Hausa sun yi rawa da ita. Na yarda da shi a nan. Amma kunna ta ka rufe ido ka saurari yadda yake jan murya, da yadda baituka ke sauka a kan kafiya, da kalaman zuciya da ƙauna. Wallahi wannan tarbiyyar situdiyon Kano ce. A Afrobeats kiɗa ne sarki, kalmomi na bin sa a baya. A nan kuwa kalmomin ne mutane suka haddace, kiɗan rakiya yake yi. A wurina nanaye ce da ta yi sabon ɗinki.

Abin da na lura shi ne musun ba na kiɗa ba ne kawai. Da yawa suna faɗin "ɗan nanaye" ne da raini, kamar waƙar da ba ta da aji. Shi ya sa idan waƙa ta burge ɗan boko sai ya yi sauri ya canza mata suna, don kada a ce yana jin nanaye. Haka aka yi wa "Warr" da "Chass" na Ado Gwanja a 2022, kowa na rawa amma ana ta neman wani suna da za a laƙaba musu. Wannan ɗabi'ar ce ke ba ni haushi, domin idan duk waƙar da ta yi fice za a cire ta daga nanaye, me za a bar wa salon in ba tarkace ba?

Ita kanta waƙar fa, ta cancanci hayaniyar? Amshinta na kama kunne tun jin farko, Hausarta a sarari take, kuma ba ta gudu, shi ya sa amare suka riƙe ta a wuraren biki. Inda nake da ƙorafi shi ne kiɗan bai cika sauyawa ba daga farko zuwa ƙarshe, kuma gyaran muryar ya ɗan yi yawa a kunnena. Abokina dai har yanzu yana kan bakansa, ya ma ce ranar Juma'a zai zo da sifika mu sake saurare tare.