Ƙota da Kafaɗa: Tarihin Shurin Bindigar Farauta a Ƙasar Barno

Duk bindigar da ta fitar da harsashi gaba sai ta koma da baya ta bugi mai riƙe da ita, kuma wannan bugu, wanda ake kira shurin bindiga, shi ne ya tsara yadda maharban Barno suka riƙa tsayuwa da riƙon makaminsu tsawon ƙarnuka huɗu da ɗoriya. Masu rubuta tarihi sun fi mayar da hankali kan ɓarnar da bakin bindiga ya yi a fagen fama, alhali ƙotarta, wato itacen da ake ɗora bututun ƙarfen a kansa, tana da nata labarin, domin ita ke nuna lokacin da maharbi ya amince da bindigarsa har ya jingina ta da kafaɗa.

Tsohuwar shaidar da aka fi dogara da ita kan bindiga a Barno tana cikin rubuce-rubucen Imam Ahmad ibn Furtu na wajajen 1576, inda ya ambaci 'yan bindiga Turkawa da bayin fada da aka horar da harbi a zamanin Mai Idris Alauma, da kuma rawar da suka taka wajen cin garin Amsaka. Bindigogin wancan zamani ta baki ake ɗura musu albarushi da dalma, kuma haka abin yake ga doguwar bindigar ƙyastu da fatake suka yaɗa daga gaɓar teku a ƙarnukan baya, wadda Turawa suka laƙaba wa sunan 'yan Danmak masu cinikinta a gaɓar Gana ta yanzu. Jikokinta su ne waɗanda maƙera ke ƙerawa har yau, ake kiransu adaka ko bindigar toka ko harba-ka-ruga. Da yake ƙarfen irin waɗannan bindigogi ba shi da tabbas, kuma da ka ake auna albarushin, sau da yawa a zuba fiye da ƙima, maharba da dama a Afirka ta Yamma sun saba harbi daga kwankwaso ko su miƙa hannu su nesanta bindigar da fuska, suka gwammace su rasa saiti da su rasa ido ko ƙashin wuya.

Siyasar Turawa ta ƙara wa wannan hali tsawon kwana, domin yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita sayar wa mafi yawan yankunan Afirka bindigogin zamani, ta bar ƙofa a buɗe ga na ƙyastu da albarushin kasuwa. Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893 ya kafa hedikwatarsa a Dikwa, ya samu rinjaye ne da dakarun da suka ƙware da bindiga, amma bayan kashe shi a Kusuri a 1900 da kafuwar Yerwa, wato Maiduguri ta yanzu, a 1907 zamanin Shehu Abubakar Garbai, sai bindigar zamani ta koma hannun hukuma, talaka ya ci gaba da adakarsa. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bi wannan sawu, inda ta sanya lasin bindigar farauta ta zamani a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na masu ɗuri ta baki kuwa a hannun kwamishinan 'yan sanda.

Bindigar farauta ta zamani, wadda ke watsa ƙwayoyin dalma da yawa a harbi guda, an ƙera ta ne don a ɗora a kafaɗa, saboda haka tilas maƙeranta suka yi lissafin shurinta. Wadda aka fi sani, mai lamba 12, faɗin bututunta ya kai kusan milimita 18.5, kuma takan fitar da dalma giram 32 da gudun wajen mita 400 a daƙiƙa, abin da ke sa bindiga mai nauyin kilo 3 ta koma baya da gudun mita 4 zuwa 5 a daƙiƙa. Ƙa'idar kuwa ita ce, gwargwadon nauyin dalma da saurinta, gwargwadon ƙarfin shurin, sannan gwargwadon nauyin bindigar, gwargwadon raguwarsa. Kan haka ne W. W. Greener, maƙerin bindiga na birnin Bamingam a Ingila, ya shahara da shawarar cewa nauyin bindiga ya ninka na dalmarta sau 96, lissafin da ke ba da kilo 3 da 'yan kai ga giram 32.

Bayan nauyi sai dacewar ƙota da jikin mai ita. Tazarar da ke tsakanin kunama da gindin bindiga a yawancin na masana'anta takan kai santimita 36, an kuma yanke ta ne bisa matsakaicin jikin Bature, ta yadda idan ta yi wa mutum tsawo sai gindin ya sauka kan dantse maimakon lungun kafaɗa, idan kuma ta yi gajarta sai babban yatsa ya daki hanci. Haka nan idan ƙotar ta cika karkata ƙasa, bakin bindigar yakan ɗaga sama lokacin harbi, doron itacen ya mari kunci. Maharbin da ya sha wannan mari yakan koyi runtse ido da janye jiki tun kafin ya ja kunama, kuma wannan ɗabi'a ta fi kumburin kafaɗa illa, domin ita ke sa fakara ta tashi lafiya, harsashi ya tafi a banza.

Magani na uku, bayan nauyi da dacewar ƙota, shi ne matashin roba mai laushi a gindin bindiga, wanda bai samu ba sai bayan da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar gasa roba da farar wuta a 1844. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin S. W. Silver na Landan ya yi suna da jar robar da ake ɗaura wa manyan bindigogin farautar Afirka da Indiya, daga baya kuma Frank Pachmayr na Amurka ya yaɗa matashin roba da ake saye daban a maye gurbin na asali. A yau akwai ƙotocin da ake ƙara wa tsawo ko a rage, da masu sifirin a ciki, da waɗanda ake saka wa ƙarfe don ƙarin nauyi. Matashi dai ba ya kawar da turawar, abin da yake yi shi ne ya shimfiɗa ta kan faɗin wuri, ya kuma ja lokacinta, ta yadda bugu mai kaifi zai koma tunkuɗa. Wannan hikimar ce maharbin karkara ke bi idan ya naɗe gindin bindigarsa da fata ko robar taya, ko ya sa masassaƙi ya fafe masa ƙota daidai tsawon hannunsa.

Rikicin Boko Haram ya fito da wannan batu daga dajin farauta zuwa cikin gari. A 2013 matasan Maiduguri suka kafa ƙungiyar sa-kai da ake kira Kato da Gora, wadda ta bazu cikin tsofaffin unguwanni irin su Hausari da Lamisula da Shehuri, ta fara da gora da adda kafin wasu 'ya'yanta su riƙi bindigar farauta. Bayan sace ɗaliban Chibok a Afrilun 2014, ɗaruruwan maharba sun taru a Maiduguri da adakokinsu da layunsu suna neman izinin shiga dajin Sambisa, tsohon gandun namun daji da suka san lungunansa. A hannun waɗannan mutane al'adu biyu suka haɗu, ta nesanta bindiga da jiki da ta manna ta da kafaɗa, kuma abin da ke kare mutum a ta farko shi ke cutar da shi a ta biyu, domin bindigar zamani da aka riƙe sako-sako takan samu filin ɗaukar gudu kafin ta sauka kan ƙashi. Adaka kuwa, komai kaurin robar da aka liƙa mata, haɗarinta yana cikin bututun da ba a gwada ƙarfinsa ba da albarushin da ba a auna ba, shi ya sa 'yan bindigar hawan Sallah har gobe suke ɗaga ta sama nesa da fuska kafin su ja kunama.