Janye tallafi

janye tallafi (fi.) 1. Daina ba wani taimakon da aka saba ba shi. 2. (a fannin kwamfuta) Masu kula da rumbun manhaja, irin wanda kowa ke iya dubawa ya gyara, su sanar cewa daga yanzu aikinsu ba zai tafi da tsohon zubin wani yaren kwamfuta ba. Tsohon ba ya mutuwa nan take, sai dai in ya yi ɓaraka babu mai ɗinkewa. Ba ƙeta ba ce: yawancinsu 'yan sa-kai ne, kowane gyara kuma sai an gwada shi a tsoho da sabo, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. *Mis.* Python 3, sabon zubin yaren Python, ya fito a 2008, a cikinsa ko rubuta print "sannu" ba tare da baka biyu ba kuskure ne. Rumbun Django ya janye wa tsohon zubin, wato Python 2, tallafi a zubinsa na 2.0, cikin Disamba 2017. Rumbun NumPy ya bi sahu a zubinsa na 1.17, a 2019. Shi kansa Python 2 an so a sallame shi a 2015, jama'a suka yi ta jan ƙafa wajen ƙaura, aka ɗaga zuwa 1 ga Janairu, 2020.