Malamin Jami'a, Kundin Jamhuriya ta Bakwai da Burtalin Adar

Daga samun mulkin kai a 1960 zuwa 2010, Nijar ta ga jamhuriya bakwai, kowace da kundin tsarin mulkinta. Mu malaman makaranta muna karantar da shekarun da aka kafa su da sunayen shugabannin da suka rattaba musu hannu, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya faɗin waɗanda suka riƙe alƙalamin. Na 2010 ya fita daban, domin an san mutumin da ya jagoranci kwamitin rubuta shi: Farfesa Mamudu Gazibo, ɗan Nijar da ya yi suna a jami'ar Montiriyal ta ƙasar Kanada.

Fannin Gazibo kimiyyar siyasa ne, wato nazarin yadda ake gina hukumomin ƙasa da yadda suke rushewa, fannin da ke maƙwabtaka da ilimin dokar tsarin mulki har ba a cika ganin iyakarsu ba. A Bordo ta ƙasar Faransa ya yi digirinsa na dakta, kuma tambayar da ya ɗauka ta gida ce. Benin ta yi taron ƙasa a 1990, Nijar ta yi nata daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin jagorancin André Salifu. Hanya ɗaya suka kamo, to me ya sa dimokuraɗiyyar Benin ta zauna da gindinta, ta Nijar kuwa ta kife cikin ƴan shekaru? Amsar da ya tattara ta fito a littafinsa na 2005, Les paradoxes de la démocratisation en Afrique, inda ya dubi fasalin hukumomin da kowace ƙasa ta zaɓa da kuma dabarun ƴan siyasar da suka shige su. Kafin wannan ya wallafa La politique comparée tare da Jane Jenson a 2004, sannan Introduction à la politique africaine a 2006.

Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1990 ya san ciwon da malamin yake bincike. Kundin 1992 ya raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista ba tare da ya fayyace wanda zai yanke magana ba idan suka fito daga ɓangarori masu adawa da juna. Da ƴan adawa suka ci zaɓen majalisa a farkon 1995, sai Mahaman Usman da Hama Amadu suka shiga zaman ƴan marina, kowa da inda ya sa gabansa, har taron ministoci ya zama abin jayayya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Bare Mainasara ya raba gardamar da bindiga.

Bayan shekara 13 aka sake wata rigimar, wannan karon kan wa'adi. Shugaba Mamadu Tanja ya nemi tazarce a 2009. Kotun tsarin mulki a ƙarƙashin Salifu Fatimata Bazai, alƙaliya ƴar Damagaram, ta ce a'a a watan Mayu, ta sake cewa a'a ranar 12 ga Yuni. Aka rushe kotun, aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, sojojin Salu Jibo kuma suka kifar da gwamnatin ranar 18 ga Fabrairu 2010. A watan Afrilu aka damƙa wa Gazibo shugabancin kwamitin rubuta manyan dokoki, aka ba shi kwana 45. Ba kowane malami ne Allah ke nufa da ya gwada a aikace abin da ya rubuta a littafi ba. Daftarin ya bi ta majalisar tuntuɓa ta Maru Amadu, jama'a suka amince da shi ranar 31 ga Oktoba da sama da kashi 90 cikin 100 na ƙuri'un da aka kaɗa, aka ƙaddamar da shi ranar 25 ga Nuwamba. Ana ganin tabon rikicin 1995 da na 2009 a jikinsa: ya yi tanadin zaman shugaba da firaministan da ba na ɓangarensa ba, ya ƙayyade wa'adi biyu na shekara biyar biyar, aya ta 175 kuma ta haramta taɓa wannan ƙa'ida.

Sai dai mutumin Tabaram, wanda garinsa ke yankin da gona ke ƙarewa makiyaya ta fara, wasu ayoyin ne suka fi kusa da tukunyarsa. Aya ta 35 ta ba kowa haƙƙin zama cikin muhalli mai tsabta, ta kuma ɗora wa gwamnati kare shi saboda mutanen yau da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Ta 36 ta ambaci yaƙi da hamada da sunansa. Daga ta 148 zuwa ta 153 aka ce arzikin ƙasa da na ƙarƙashinta mallakar al'ummar Nijar ne, kwangilolin haƙar ma'adinai dole a buga su a jaridar gwamnati, kuɗin da aka samu a raba da ƙananan hukumomi, a fifita noma da kiwo da lafiya da ilimi, a kuma keɓe asusu domin ƴan baya. Ba daidai ba ne a jingina waɗannan ga mutum ɗaya. Kundin 1999 ya riga ya ambaci haƙƙin muhalli, ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB sun daɗe suna kiran a bayyana kuɗin yuraniyom da man fetur, saiwar maganar ma ta fi haka zurfi, kuma wani reshenta a ƙasarmu ta Adar yake.

A watan Mayu 1961 gwamnatin Jori Hamani ta kafa dokar da ta shata iyakar noma ta arewa, layin da ya ratsa jihar Tawa: kudu da shi gonaki, arewa da shi hurumin dabbobi. Layin yana kan takarda, yunwa kuwa ba ta karatu. Farin 1973 da na 1984 da ƙaruwar jama'a suka tura manoma arewa, makiyaya suka gangaro kudu neman ciyawa, burtali ya tsuke, mashaya ta zama fage. A 1984 aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada, a shekarar kuma aka fara aikin Keita da taimakon Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Tun 1975 ake dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin karya iska, a ƙarshen shekarun 1980 kuma manoman Illela suka ɗauko dabarar tassa daga Yatenga ta Burkina Faso, suka raya faƙon da kowa ya yanke ƙauna da shi. Nan wata tambaya ta taso wadda injiniya ba shi da amsarta: faƙon da ya koma gona, na wa ne? Na wanda ya fasa shi da diga, ko na zuriyar da ta bar shi shekara 30, ko na makiyayin da ya saba ratsa shi? A ƙarshen Oktoba 1991, ana tsakiyar taron ƙasa a Yamai, aka kashe mutum sama da 100 a Toda ta jihar Maraɗi, yawancinsu mata da yaran Fulani.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce amsar da masana doka suka bayar, kuma a ganina ita ce aikin shari'a mafi hikima da ƙasar nan ta yi. Ta daidaita darajar mallakar gargajiya da ta takarda, ta amince cewa makiyayi yana da fifiko a mazauninsa na asali, ta kafa hukumomin filaye da ake kira kofo, waɗanda suka faro daga gunduma, daga baya suka kai har ƙauye, inda sarakuna da ma'aikatan gwamnati da wakilan manoma da makiyaya da mata ke zama tare. A mulkin riƙon ƙwaryar da ya haifi kundin 2010 aka ƙara mata dokar kiwo ta 20 ga Mayu, wadda ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na asali, ta kuma tabbatar da iyakar 1961. Kofo ba ta rasa aibu: rashin kuɗi na hana ta zagaya, mai hannu da shuni kuma yakan kewaye fili da waya a inda doka ta hana.

Kundin 2010 ya rayu kusan shekara 13. A ƙarƙashinsa Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji ta gundumar Illela, ya yi wa'adinsa biyu ya sauka, ya miƙa wa Mohamed Bazum ranar 2 ga Afrilu 2021, karo na farko da zaɓaɓɓen shugaba ya gaji zaɓaɓɓe a Nijar. Makullin wa'adi ya riƙe ke nan. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da kundin baki ɗaya, har da ayoyin muhalli da na ma'adinai, a watan Maris 2025 kuma wata yarjejeniyar sake gina ƙasa ta zama madogara. Dokar 1993 kuwa ta ratsa juyin mulki huɗu tana nan, ana kafa alamun burtali da ita, ana sa ranar sakin gonaki bayan girbi. Dalilin a fili yake: ta samu mutanen da ke buƙatarta kowace kaka, su kuwa ayoyin kundin, masu kyau da su, da Faransanci aka rubuta su, manomin da aka yi su dominsa ba kasafai ya ji an karanta masa su a dandalin ƙauye ba.

Yarjejeniyar 2025 ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A 2010 ɗin nan dai aka kafa jami'ar Tawa, mai tsangayar shari'a da tattalin arziki, wadda daga baya aka raɗa mata sunan Jibo Hamani, marubucin tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ɗalibin Tabaram ko Bambai ko Kalfu yana iya karanta doka a Tawa ba sai ya je Bordo ba, kuma aikin da ke jiransa shi da malaman Hausa shi ne daidaita kalmomin shari'a, ta yadda takardar shaidar gado ko ta jinginar gona za ta fito daga ofishin kofo da harshen da masu sa hannu suke ji.