Guzuri da Labari: Tarihin Ɗawainiyar Ɗaliban Malanta a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

1. Gabatarwa

Duk wanda ya bar garinsu don neman ilmi yana bukatar abu biyu kafin hankalinsa ya kwanta ya yi karatu. Na fari guzuri, watau abinci da makwanci da ɗan abin kashewa. Na biyu labari, watau ya san inda makaranta ta ke, da ranar da a ke ɗibar ɗalibai, da ƙofar da zai buga in wahala ta same shi. Nufin wannan takarda shi ne a bi sawun waɗannan abubuwa biyu a ƙasar Tambuwal da Kebbe, cikin kudancin Jihar Sakkwato, tun daga zamanin jihadi har zuwa yau, a ga wanda ya ɗauki nauyinsu a kowane zamani, da kuma abin da ya auku sa'ad da ya sauke.

An zaɓi waɗannan garuruwa biyu ne domin bambancin da ke tsakaninsu. Tambuwal tana kan babbar hanyar mota wadda ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga ta nufi Jega, tazararta da birnin wajen mil 60 ne. Kebbe kuwa tana can ƙarshen kudu, ta yi iyaka da Jihar Zamfara da Jihar Kebbi, ba ta kan wannan hanya. Saboda haka in an gwada su, za a ga yadda nisa ke taɓa rabon ɗalibi.

Kalmomin da mu ke amfani da su ma suna ɗauke da tarihin. "Almajiri" daga Larabci ta fito, asalinta almuhajir, wanda ya yi ƙaura. "Ɗalibi" ita ma Larabci ce, ma'anarta mai nema. "Labari" da "jarida" duk daga can aka aro su. Amma "alawus" da "sukolashif" daga Turanci suka shigo, tare da makarantar boko. Mai lura zai ga cewa tsofaffin kalmomin suna magana ne a kan abin da mai karatu ke yi, sababbin kuwa a kan abin da hukuma ke ba shi. Wannan sauyi shi ne kan maganarmu.

2. Zamanin jihadi

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu cikin 1804. Bayan cin Alƙalawa a 1808 ya zauna a Sifawa, wadda ke kudu da Sakkwato, wajen Boɗinga, yana karantarwa har 1815, sa'an nan ya koma Sakkwato, inda ya rasu cikin 1817. Ɗansa Muhammadu Buhari shi aka zaunar a Tambuwal. Buhari malami ne, mawaƙi kuma da Larabci, ya tashi a hannun baffansa Abdullahi na Gwandu, ya rasu wajen 1840. Tambuwal ribaɗi ce a lokacin, watau garin tsaron iyaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya ƙarfafa kafa irin waɗannan garuruwa, ya kuma so kowannensu ya sami masallaci da malami da masu sana'a, don kada zaman ya zama na yaƙi kaɗai.

A wannan tsari gari ne ke ciyar da mai karatu. Malami ya ba almajiri zaure ko soro ya kwana, maƙwabta su kai akushi da dare, almajiri ya taya malaminsa noma da damina, in kaka ta yi a fitar da zakka a kai wa malam. Yara ƙanana su kan kawo kuɗin Laraba. Labari kuwa da baki ya ke tafiya. A kasuwa ko a masallacin Juma'a a ke jin cewa malam wane ya fara karantar da littafi kaza a gari kaza, fatake da matafiya su ɗauki zancen su kai gaba.

Mata ma suna da tasu hanya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta shirya ƙungiyar 'Yan Taru. Ta kan naɗa wa dattijuwar mace malfa ta zama jaji, ita kuma ta jawo matan ƙauyensu zuwa wurin Nana, su zo da hatsi da zuma da man shanu, a raba wa mabukata, su koma gida da karatu cikin waƙa. A nan mutum ɗaya ne ke ɗauke da guzuri da labari gaba ɗaya, kuma da ƙafarsa ya ke isa ƙauye. Mai karatu ya riƙe wannan misali, don za mu komo gare shi.

3. Zamanin En'e

Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Cikin 1909 Hanns Vischer, wanda a ke kira Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. Ran 5 ga Maris, 1922, Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, wadda aka kafa musamman don horon malamai. An mai da ita Kaduna a 1938, sa'an nan Zariya a 1949. Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, a can Katsina ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931, ya komo ya koyar a Midil ta Sakkwato.

To, a wannan zamani nauyin ya tashi daga kan gari ya koma kan En'e. Mutane suna gudun boko, don haka hukuma ce ke neman yara. A aika wa hakimi a ce ya kawo yara kaza, shi kuma ya rarraba wa dagatai. Wanda ya yi ƙoƙari a elemantare a kai shi Midil ta Sakkwato, inda zai sami abinci da riga da sabulu da littattafai daga baitulmali. In ya wuce zuwa kwalejin malamai, kamar ta Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar a ƙarshen shekarun 1940, har ɗan alawus a kan ba shi, bisa sharaɗin zai koyar na wasu shekaru bayan ya gama. Rayuwar Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsu ke arewa da Tambuwal, ta nuna yadda tsanin ya ke. An haife shi a 1925, ya yi elemantare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya tafi Kwalejin Kaduna a 1941, ya komo ya koyar a Sakkwato da Argungu kafin ya shiga siyasa.

Labari ma ta hanyar sarauta ya ke bi: daga ofishin ilmi na lardi zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, a yi shela. Amma wata ƙofa ta buɗe cikin Janairu, 1939, sa'ad da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, Abubakar Imam yana editanta. Cikin shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, ta Lardin Sakkwato sunanta Zaruma. Malamin makarantar ƙauye shi ne mai karanta wa jama'a waɗannan takardu, ta haka ya zama idon gari da kunnensa.

Amma fa kada a ɗauka wannan zamani ba shi da aibu. Guzurin ya wadata ne domin masu cinsa kaɗan ne, kuma hakimi ne ke zaɓen wanda zai tafi. 'Ya'ya mata da yaran ƙauyukan nesa mafi yawansu ba su shiga lissafi ba.

4. Zamanin yalwa

Cikin 1960 kwamitin Ashby ya ba da rahotonsa kan ilmi mai zurfi a Nijeriya, ya nuna ƙarancin malaman sakandare. Daga nan aka fara kafa manyan kwalejojin horon malamai masu ba da takardar NCE bayan karatun shekara 3. Ta Zariya ta buɗe a 1962. Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, Sakkwato ta zama hedkwata, aka kafa mata tata kwalejin a 1970, wadda daga baya aka sa wa sunan Shehu Shagari. Jami'ar Sakkwato ta biyo baya a 1975. Tun daga nan ɗan Tambuwal ko ɗan Kebbe ya sami damar zama babban malami ba tare da ya bar lardinsu ba.

Cikin Satumba, 1976, gwamnatin tarayya ta soma shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. Aka shiga neman malamai ido rufe, aka buɗe kwalejojin malamai masu daraja ta biyu da yawa, aka kuma kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna don horar da waɗanda ke bakin aiki ta hanyar aika musu darussa. Kuɗin man fetur ya sa abinci da makwanci da alawus suka samu. A cikin makaranta kuwa allon sanarwa da taron safe da ƙungiyar ɗalibai su ne hanyoyin labari, a waje kuma rediyo, wadda ta fi jarida isa ƙauye domin ba ta bukatar mota ko iya karatu.

5. Zamanin ƙunci

Yalwar ba ta daɗe ba. Tun a 1978 ɗaliban jami'o'i suka yi bore kan ƙarin kuɗin abinci da na makwanci. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka janye tallafin abinci a jami'o'in tarayya a 1984, sa'an nan tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986. Nauyi ya sauka a kan iyaye. A ƙasar noma kamar Tambuwal da Kebbe, ma'anar wannan ita ce karatun ɗalibi ya rataya ga damina: in gero da dawa sun yi kyau a sayar da buhu a biya kuɗin rajista, in ba su yi ba a jinkirta. Ɗalibai suka koma ga dabarar kakanninsu, suna zuwa da tsaba daga gida, 'yan gari ɗaya suna haɗa tukunya, ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi suna bin sawun kuɗin tallafi a madadin 'yan'uwansu.

Hukuma ta yi gyare-gyare. An kafa hukumar kula da kwalejojin ilmi ta ƙasa a 1989, da asusun harajin ilmi a 1993, wanda ya zama TETFund a 2011. Ran 30 ga Satumba, 1999, a birnin Sakkwato Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin bai-ɗaya. A ƙarshen 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a jihar. Sai dai yawancin kuɗin asusun tarayya a kan gine-gine da kayan aiki da horon malaman kwaleji a ke kashe shi, ba ya shiga tukunyar ɗalibi.

Cikin 2024 aka soma ba ɗalibai rance marar ruwa ta hannun asusun NELFUND, wanda ya haɗa da kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata don ɗawainiya. Ta intanet kaɗai a ke nema, kuma sai mai nema yana da lambar shaidar ɗan ƙasa da lambar banki. Ga shi kuwa cikin Satumba, 2021, an taɓa rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga. Wannan ya isa ya nuna cewa hanyar labari wadda ta dogara ga waya kaɗai tana iya yankewa cikin dare ɗaya, kuma ƙauyukan da suka fi bukatar malamai su ne suka fi saurin yankewa.

6. Kammalawa

In aka jera zamanan nan huɗu za a ga abu ɗaya. A zamanin jaji da na hakimi labari ne ke zuwa ya sami ɗalibi a gida. Yau kuwa ɗalibi ne zai tashi ya nemi labari, in bai same shi a kan kari ba guzurin ya wuce shi, ko da an tanada dominsa. Ɗan Tambuwal na iya hawa mota da safe ya duba allon sanarwa a Sakkwato ya komo da yamma. Ɗan ƙauyen ƙasar Kebbe sai ya yi lissafin kuɗin mota da lafiyar hanya tukuna. Hasarar ba tasa ce kaɗai ba, domin sau da yawa ɗan gari shi ne malamin da ya ke yarda ya zauna a makarantar ƙauye. Duk ɗalibin da ya fasa karatu don rashin guzuri, aji guda ne ya rasa malami.

Saboda haka akwai shawara uku ga malaman kwalejoji. Ta fari, duk sanarwar da ta shafi ɗibar ɗalibai da tallafi da rance a fassara ta da Hausa mai sauƙi, a karanta a rediyo, a aika wa hakimai da limamai da shugabannin makarantun sakandare. Ta biyu, ɗaliban da a ke turawa koyon aikin koyarwa a ƙauyuka a ba su takardun bayani su tafi da su, su yi aikin da jaji ta yi. Ta uku, kowace kwaleji ta adana tsofaffin sanarwoyinta da mujallun ɗalibanta da rajistar alawus, gama da su ne masu bincike na gaba za su san wanda aka taimaka da wanda aka bari a baya. Sassan nazarin Hausa suna da hannu a cikin ta fari musamman, domin samar da kalmomi tabbatattu na harkar rance da rajista aikinsu ne, kuma ya kamata a soma shi tun yanzu.