Zaɓen da aka yi sau biyu a Istanbul

Tun 1994, da Recep Tayyip Erdogan ya ci kujerar magajin garin Istanbul da kusan kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a inuwar jam'iyyar Refah, birnin bai kuɓuce wa ɓangarensa ba har tsawon shekara 25. Daga wannan kujera ya taso, shi ya sa ya ɗauke ta tamkar gadon gida.

A zaɓen 31 ga Maris 2019, jam'iyyarsa ta AKP ta tsayar da Binali Yildirim, tsohon firaminista. CHP mai adawa kuwa ta fito da Ekrem Imamoglu, shugaban gundumar Beylikduzu, wanda sunansa bai yi nisa ba a lokacin. Cikin dare ana tsakiyar ƙidaya, tazara na ta raguwa, sai kamfanin dillancin labarai na gwamnati, Anadolu, ya daina fitar da sakamako na sa'o'i. Yildirim ya ce shi ya ci, gari na wayewa kuma ga allunan godiyarsa a tituna. Da aka gama sake ƙidaya, Imamoglu ne a gaba da ƙuri'a dubu 13 da ɗoriya, cikin sama da miliyan 8. Ranar 17 ga Afrilu aka miƙa masa takardar shaidar cin zaɓe.

Ko mako uku bai yi a ofis ba. Ranar 6 ga Mayu, farkon azumi, hukumar zaɓe ta soke sakamakon da rinjayen mutum 7 a kan 4, bisa hujjar cewa wasu shugabannin rumfunan zaɓe ba ma'aikatan gwamnati ba ne kamar yadda doka ta tanada. A nan gizo ke saƙar: ambulan ɗaya kowane mai zaɓe ya jefa a akwati, ɗauke da ƙuri'ar magajin gari, da ta shugaban gunduma, da ta kansiloli, da ta mai unguwa. Jami'an dai su ne, ambulan ɗin shi ne, amma ƙuri'ar magajin gari kaɗai aka ce ta gurɓata. Sauran, inda AKP ta kwashe mafi yawan gundumomi, aka bar su daram.

A daren nan mutane suka leƙo ta tagogi suna kaɗa tukwane. Imamoglu ya hau dandamali a Beylikduzu, ya tuɓe kwat da laktaye, ya naɗe hannun riga, ya ce a koma filin daga.

Ranar 23 ga Yuni aka sake. Masu hutun bazara suka katse shi suka dawo don jefa ƙuri'a. Tazarar dubu 13 ta koma kimanin dubu 800, Imamoglu na da kashi 54, Yildirim 45. Har Fatih, unguwar da aka sani da riƙon addini, da Uskudar inda gidan Erdogan yake, suka juya. Wannan karon Yildirim bai jira an gama ƙidaya ba ya fito ya taya abokin karawarsa murna.