Daga Guba Zuwa Tsirran Ruwa: Tarihin Yaƙi da Gansakuka



Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi ya san gansakuka, watau koren nan da kan rufe fuskar ruwa idan ya daɗe a kwance. Galibinta ba ta da illa. Amma akwai wani iri, wanda a haƙiƙa ƙwayoyin bakteriya ne, da kan hayayyafa farat ɗaya idan taki da ƙazanta sun yi yawa a ruwa, ya kuma fitar da dafi mai lalata hanta.

A shekarar 1878 ne George Francis ya ba da rahoto a mujallar Nature cewa tumaki da dawaki da karnuka sun mutu bayan sun sha ruwan tafkin Alexandrina a kudancin Ostireliya. Maganin farko da ya samu karɓuwa guba ne. A 1904 Moore da Kellerman, ma'aikatan gona na gwamnatin Amurka, suka nuna cewa ɗan kaɗan na wani shuɗin gishirin jan ƙarfe yana kashe gansakuka a madatsun ruwan sha. Maganin yana da araha, yana kuma ci nan take, shi ya sa hukumomin ruwa suka rungume shi. Sai daga baya aka lura cewa yana kashe kifi, yana taruwa a cikin taɓon ƙasa, kuma idan ya fasa ƙwayoyin sai dafin da ke cikinsu ya watsu a ruwan da ake neman tsarkakewa.

To, a gefe guda masana tsirrai suna bin wata hanya dabam. A 1937 Hans Molisch, mutumin Ostiriya, ya raɗa sunan alelofati ga yadda tsiro kan fitar da sinadarin da zai shafi maƙwabcinsa. A 1949 kuma Hasler da Jones na Jami'ar Wisconsin suka dasa tsirran ƙarƙashin ruwa a manyan tankuna, suka ga gansakuka ta ragu ƙwarai a inda tsirran suka yi kauri. Sai dai gwajin bai raba gardama ba. Sinadari ne ya hana ta, ko inuwa, ko kuwa tsirran ne suka riga ta cinye takin? An kwashe shekaru da dama kafin a iya kama sinadaran a kira su da sunayensu.

Abin da zai ba mu sha'awa shi ne, kainuwar nan tamu, dashen Allah, tana cikin waɗanda aka fara tatsa. A 1991 Aliotta da abokan aikinsa a birnin Naples na Italiya suka ware sinadarai daga jikinta masu dakushe girman gansakuka. A 1996 Elisabeth Gross da abokanta a Jamus suka gano sinadarin tellimagrandin a cikin wani tsiro mai gashin ganye, Myriophyllum spicatum. Wannan sinadari ɗan uwa ne ga abin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita, kuma aikinsa shi ne toshe hanyar da ƙwayar ke sarrafa hasken rana ya zama abinci. A 2000 Nakai da jama'arsa a Japan suka nuna cewa tsiron yana zubar da irin waɗannan sinadarai har guda 4 a cikin ruwa, masu danne Microcystis, wadda ita ce uwa uba wajen ɓarna.

Fa'idar waɗannan sinadarai ita ce ba sa daɗewa. Rana da ƙwayoyin ruwa kan rusa su cikin ɗan lokaci. Nan ne kuma rauninsu yake, domin abin da ya ci a kwalbar ɗakin gwaji yakan salwance a tafki mai faɗi kafin ya yi aiki. A ganina wannan ne dalilin da ya sa rubuce-rubuce suka yi yawa, aiki a fili kuwa ya yi ƙaranci. A 2007, duk da wannan ilmi, gansakukar tafkin Taihu ta hana mutum wajen miliyan 2 ruwan famfo a birnin Wuxi na ƙasar Sin har kusan mako guda, saboda ba a tare ƙazantar gidaje da masana'antu da takin gonaki da ke kwarara cikinsa ba.

Da wahalar tatsar sinadarin ta bayyana, sai wasu suka koma ga dasa tsiron kansa. A tafkin Dianchi, kusa da Kunming, an killace kainuwar Turawa mai shuɗin fure, ta tsotse taki ta danne gansakuka, sa'an nan a kwashe ta kafin ta ruɓe. Ma'aikacin da ya ji wannan ya yi sha'awa, ya kamata ya tuna cewa wannan tsiro ne ya shigo Nijeriya ta rafin Badagry a 1984, ya toshe hanyoyin jiragen ruwa na Legas. Haka nan kacala, wadda ita ma an sami irin waɗannan sinadarai a danginta, ita ce ta cushe magudanan fadamar Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974, har ta raba masunta da manoma da dama da wuraren sana'arsu.